Injuna Biyu Cikin Shekara Huɗu: Yadda Wani Gida Ya Zaɓi Injin Zuƙar Ƙura Na Uku

Gidan da wannan nazari ya shafa gidan ƙanwata ne, kuma na zaɓe shi ne saboda na ga lamarin tun daga farkonsa, na kuma riƙe injunan da ake magana a kansu da hannuna. Mutum shida ne a gidan, ita da maigidanta da 'ya'yansu huɗu, sai kyanwa guda wadda ba ta da wurin kwanciyar da ya wuce kujerun falo. Gidan bene ne mai hawa ɗaya. A ƙasa an shimfiɗa tayil ko'ina in ban da falo, inda aka malala kafet mai kauri daga bango zuwa bango, sama kuwa ɗakunan kwana uku ne, dukkansu da kafet, har da matakala. Ɗansu na biyu yana fama da asma tun yana ƙarami, kuma likitansa ya daɗe da gaya musu cewa ƙurar cikin gida tana daga abubuwan da ke tayar masa da ciwon, saboda haka injin zuƙar ƙura a wannan gida bai taɓa zama kayan ƙawa ba.

Cikin shekara huɗu injuna biyu suka mutu a hannunsu. Ranar da na biyun ya ƙi tashi ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, ka faɗa mini sunan kamfani ɗaya kawai wanda injinsa ba ya lalacewa, in saya in huta." Tambaya ce ta wanda ya gaji, na kuma fahimce ta, amma na ƙi amsa ta a yadda ta zo, domin kamfani ɗaya yakan ƙera inji mai aminci ya kuma ƙera wanda bai kai shi ba, kuma duk wanda ya sayi na uku ba tare da ya san abin da ya kashe na farko da na biyu ba, hanyar da ya bi a baya zai sake bi. Na roƙe ta kada ta zubar da matattun injunan. Muka kai su wurin wani mai gyaran kayan lantarki, muka tsaya a kansa ya kwance su a gabanmu.

Abin da aka gani a cikin injin farko

Injin farko mai waya ne, irin wanda ba ya amfani da jaka, ƙura ce ke taruwa a wani mazubin roba mai haske da ake cirewa a juye. Abin da ya ja hankalinsu lokacin saye shi ne lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikinsa, wat 2000, wadda suka ɗauka ita ce ma'aunin ƙarfin zuƙa. Ya yi musu aiki na shekara biyu da 'yan watanni. A watannin ƙarshe yakan mutu da kansa ana tsakiyar shara, sai a jira ya huce a sake kunna shi, daga baya ya soma fitar da ƙauri, wata rana kuma ya yi shiru gaba ɗaya.

Da mai gyara ya cire mazubin ya buɗe wani ɗan murfi da ke bayansa, sai ga wata filta ta soso wadda ta daskare ta zama kamar busasshen laka. Ƙanwata ta ce ita ba ta taɓa sanin akwai wani abu a wannan wuri ba. A saninta aikin injin shi ne a juye mazubi idan ya cika, kuma hakan take yi ba fashi. Da aka bi tarihi, sai maigidanta ya tuna cewa an taɓa yin gyaran bango a falo, aka kuma yi amfani da injin wajen kwashe garin filasta da siminti da ya zuba a kan kafet. Daga wannan lokaci ne ƙarfinsa ya soma raguwa.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci yadda abin yake aiki, domin duk hukuncin da aka yanke daga baya a kansa ya ginu. A cikin injin akwai moto mai juya ƙaramar fanka da gudun da ya haura juyi dubu 20 a minti guda. Fankar tana tura iska waje, sai iskar ɗaki ta kwararo ta bakin tiyo ta maye gurbinta, ta kuma ɗauko ƙura a kan hanya. A mafi yawan injunan gida, wannan iskar da ta ɗauko ƙura, bayan an tace ta, ita ce ke ratsa moton ta sanyaya shi. Ma'ana duk abin da ya toshe hanyar iska, ko filta ce, ko tiyo, ko jakar da ta cika, illa biyu yake yi a lokaci guda: yana rage zuƙa, yana kuma hana moto shan iskar da zai huce. Masu ƙera injuna sun san da haka, shi ya sa suke sa wani ɗan makunni da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Mutuwar da injin ke yi da kansa a watannin ƙarshe wannan makunni ne ke aikinsa, yana sanar da cewa iska ba ta wucewa, amma da yake babu wanda ya san fassarar wannan alama, sai aka riƙa jira ya huce ana sake tayar da shi a kan toshewar da ba a cire ba, har wayoyin cikin moton suka ƙone. Garin filasta da siminti da toka sun fi ƙurar gida laushi nesa ba kusa ba, suna shiga ramukan filta su liƙe su, kuma takardun yawancin injunan gida suna hana zuƙarsu.

Zuwa nan laifin na masu amfani ne, kuma ƙanwata ba ta yi musu ba. Amma akwai kason da ya hau kan ƙirar injin. An ɓoye filtar a wurin da ido ba ya kaiwa, babu wata alama da ke nuna ta toshe, sannan da mai gyara ya nemi fitar da moton sai ya tarar an haɗa gidansa da haƙoran roba waɗanda ba sa buɗuwa sai sun karye. Ya nemi sabon moto irinsa bai samu ba, domin an daina ƙera samfurin, ba a kuma taɓa fitar da kayan gyaransa daban ba. Ya nuna mana wasu ƙananan sandunan kabon guda biyu da ke goga jikin moton suna kai masa wuta, ya ce waɗannan suna cinyewa a hankali a kowane moto irin wannan, kuma a injin da aka ƙera don a gyara shi, canza su ƙaramin aiki ne. A wannan kuwa, ko da zafi bai kashe shi ba, ranar da kabon ɗin ya ƙare ita ce ranar da injin zai ƙare.

Na biyu: moto lafiya lau, batir ya gaji

Bayan wahalar jan waya da neman soket daga ɗaki zuwa ɗaki, sai suka koma wa inji marar waya, mai batir, siriri kamar sanda. Wata shida na farko kowa ya yaba, har yara kan ɗauka su share inda suka ɓata. A kwalinsa an rubuta cewa yana aikin minti 40 a caji ɗaya, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai wannan lissafi na mafi ƙarancin ƙarfi ne, wanda ya wadatar a kan tayil amma ba ya fitar da gashin kyanwa daga kafet mai kauri. A gidan da fiye da rabinsa kafet ne, kullum a kan mafi girman ƙarfi ake tafiyar da shi, inda batirin ke ƙarewa cikin mintuna kaɗan, a mayar da shi caji yana da ɗumi, a sake ɗauka kafin ya huce.

Batirin litiyam yana da adadin cajin da zai iya ɗauka, ɗaruruwa ne, kuma kowane zagaye yana rage masa wani abu. Zafi da jan wuta mai yawa a lokaci guda suna gaggauta wannan tsufa. Kafin shekara biyu ta cika, cajin dare guda ba ya gama falo. Mai gyara ya jona moton da wata wuta daban, ya tashi garau. Inji ne lafiyayye wanda batirinsa kawai ya mutu, amma an gina batirin a cikin mariƙinsa, kuma da aka samu mai sayar da madadinsa, kuɗin ya kusa kai na sabon inji. Wannan shi ne ya fi ba ni takaici a cikin lamarin duka, domin an zubar da moto da fanka da buroshi masu sauran shekaru a gaba saboda abu guda da tun farko an san zai riga su mutuwa.

Awa nawa gidan yake shara?

Kafin a duba kowane sabon inji, na roƙe su su rubuta tsawon lokacin da suke shara na mako biyu, da injin aro. Sakamakon ya ba su mamaki su kansu: kusan awa uku a mako, saboda ana share ɗakin yaron da falo kusan kullum. Wannan lamba ta fi kowace talla amfani, domin rayuwar moto da awa ake auna ta. A dokar da Tarayyar Turai ta kafa wa injunan zuƙar ƙura masu waya, tun daga watan Satumba na 2017 dole moton ya iya aikin awa 500 aƙalla, tiyon kuma ya jure lanƙwasa 40,000 yana a miƙe cikin ja ba tare da ya lalace ba. A gidan da ake sharar awa ɗaya a mako, awa 500 ta kusa shekara goma. A gidan ƙanwata shekara uku ce da 'yan watanni. Inji guda, doka guda, amma abin da wani gida zai kira mai ƙarko, wani gidan zai kira shi mai saurin mutuwa. Sai muka gane cewa injin da aka ƙera daidai da mafi ƙarancin abin da doka ta nema ba zai ishe su ba, suna bukatar wanda ko dai motonsa ya zarce haka nesa, ko kuma ana iya canza shi idan ya gaji.

Dokar nan ta kuma warware mana batun wat. A watan Satumba na 2014 an hana shigar da injin da ya wuce wat 1600 kasuwannin Tarayyar, a 2017 aka sauko da iyakar zuwa wat 900, aka kuma kayyade ƙararsa kada ta wuce desibel 80. Gidajen Turai ba su daina tsabta ba saboda haka. Kamfanoni ne suka gyara fanka da hanyar iska da kan injin da ke taɓa ƙasa. Wat ma'aunin wutar da inji ke ci ne, kuma wani kaso na wannan wuta zafi da ƙara yake zama. Abin da ke ɗaga ƙura shi ne yawan iskar da ke wucewa da ƙarfin janta a daidai bakin da ke kan kafet, kuma inji mai wat 800 da aka toshe duk kafofinsa da kyau yana iya fin mai 2000 da ke yoyon iska ta kowace gaɓa. Maigidan ƙanwata ya daɗe bai yarda da wannan ba, domin a ganinsa saukowa daga 2000 zuwa ƙasa da 900 ci baya ne, sai da ya gwada da hannunsa a kan kafet tukuna.

Akwai kuma wani darasi daga wata shari'a. Kamfanin Dyson mai ƙera injunan zuƙar ƙura ya ƙalubalanci takardar shaidar cin wuta da ake liƙa wa injuna a Turai, bisa hujjar cewa ana gwajin ne da jaka ko mazubi fanko, alhali ba wanda ke shara da inji fanko sai a ranar farko. A watan Nuwamba na 2018 kotun Tarayyar ta soke dokar wannan takarda. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne kada a yi wa inji hukunci da zuƙar da ya yi yana sabo fil. A nemi sanin yadda yake idan ya yi rabin cika, kuma wanda ya shekara biyu ko uku yana amfani da shi ya fi wanda ya buɗe kwali jiya sanin amsar.

Batun yaron

Na kan tuna cewa ɗaya daga cikin mutanen da suka fara ƙera injin zuƙar ƙura na lantarki da mutum ɗaya zai iya ɗauka, James Murray Spangler, mai shara ne a wani kanti a Canton ta jihar Ohio a Amurka, kuma mai fama da asma, wanda ƙurar da abin share kafet ke tayarwa ta dame shi. Ya haɗa moto da fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai a matsayin jaka, ya samu rajistar ƙirarsa a 1908, wani ɗan kasuwa mai suna William Hoover ya saye ta. Tun asalinsa, ke nan, aikin injin bai tsaya ga kwashe abin da ido ke gani ba, har da hana ƙura komawa cikin iskar da ake shaƙa.

Abin da ke tayar da asma a ƙurar gida yawanci ido ba ya ganinsa: kashin wasu ƙananan ƙwari da ke rayuwa a katifa da kafet, da ɓurɓushin fatar dabbobi, da makamantansu. Injin da ba ya tacewa da kyau yana ɗauko waɗannan daga cikin kafet, inda suke kwance, ya feso su ta baya zuwa daidai hancin mutane. Filtar da ake kira HEPA, a ma'aunin Amurka, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikuron 0.3, alhali kaurin gashin mutum yana kusa da maikuron 70. A ma'aunin Turai ana rubuta H13 ga wadda ke kama kashi 99.95. Mun lura cewa wasu kwalaye suna rubuta kalmomi masu kama da HEPA ba tare da wata lamba ba, waɗannan muka ajiye su gefe. Sannan filta komai kyanta ba ta tace iskar da ba ta bi ta cikinta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma idan murfin inji bai zauna daram a kan robar da ke kewaye da shi ba, ƙura ta wannan tsaga za ta bi. A injin farko mun ga layin ƙura baƙi a gefen murfi da kewayen ramin waya, shaidar cewa ta daɗe tana fita ta nan.

Wannan batu ne ya yanke hukunci tsakanin mai jaka da marar jaka. Injin marar jaka, wanda James Dyson ya shahara da shi bayan ya ƙera samfurin gwaji 5,127 kafin ya fitar da DC01 a Birtaniya a 1993, yana juya iska da gudu ta yadda ƙura ke faɗuwa a mazubi, kuma fasaha ce ta gaske wadda ta raba mutane da sayen jaka. Amma duk sanda aka juye mazubin sai wani kaso ya tashi sama, kuma filtarsa tana bukatar wanki a kai a kai da shanya ta bushe sarai, aƙalla awa 24, kafin a mayar. A gidan da aka riga aka ga cewa wankin filta ba ya samun mai tunawa, kuma akwai yaron da ba a son ƙura ta tashi kusa da shi, jaka mai rufe bakinta idan an cire ta ta fi dacewa. Ita kanta jakar filta ce babba, kuma duk lokacin da aka canza ta an sabunta mafi yawan hanyar iskar ba tare da an yi wani tunani ba.

Yadda aka tace zaɓin

Injin da ke yawo da kansa a ɗaki an cire shi tun a zaman farko, saboda ba ya hawa matakala kuma shi ma batir ne ransa. Maigidan ya fi karkata ga sabon marar waya wanda batirinsa ke cirowa da danna maɓalli ɗaya, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, domin injin da ke da sauƙin ɗauka shi ake ɗauka. Da gidan tayil ne mafi yawansa, da na goyi bayansa. Amma awa uku a mako a kan kafet mai kauri tana nufin sayen batir bayan kowace shekara biyu ko uku, kuma babu tabbacin samfurin batirin zai ci gaba da fitowa. Aka rage saura iri biyu masu waya da jaka: wanda ake turawa a tsaye, da wanda ake ja a baya kamar ƙaramar tukunya mai taya. Na tsaye ya fi iya kafet saboda buroshinsa mai juyawa, sai dai nauyinsa duka a hannu yake, ba ya shiga ƙarƙashin gado, ga kuma matakala. Sai aka tsaya a kan na ja.

Daga nan muka yi wani abu da nake ganin shi ne ya fi kowane mataki amfani, wato neman kayan gyara kafin sayen inji. Ga kowane samfuri da ya rage, mun sauke littafin bayaninsa daga intanet mun karanta, mun kuma nemi lambar jakarsa, da filtarsa, da tiyonsa, da kansa, da motonsa, mu ga ko ana sayar da su daban, kuma ko fiye da mai sayarwa ɗaya ke da su. Samfura biyu sun faɗi a nan, domin ban da jaka babu abin da ake samu nasu. Wanda ya tsira samfuri ne da ya daɗe a kasuwa ba a sauya masa siffa sosai ba, jakarsa kuma iri ɗaya ce da ta wasu injuna da dama na kamfanin, abin da ke sa da wuya a daina yin ta nan kusa.

Sauran binciken na hannu ne. Mun juya injin mun ga da sukurori aka ɗaure shi, mun buɗe murfi mun ga roba ta kewaye shi kuma filtar moto tana fili inda duk mai canza jaka zai gan ta. Sandar ƙarfe ce, ba roba ba, tiyon yana juyawa a inda ya haɗu da jiki don kada ya murɗe ya tsage, akwai kuma alama mai sauya launi idan iska ta ragu, wadda da injin farko yana da ita da wataƙila yana nan da ransa. Mun auna tsawon waya da nisan soket ɗin sama zuwa ƙarshen ɗaki mafi nisa. Mun tabbatar ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa ya yi daidai da na gidan, domin akwai ƙasashe masu bolt 220 zuwa 240 da masu 110 zuwa 120, kuma injin da aka yi don na biyun yana ƙonewa idan aka jona shi a na farko. Takardar garanti ma an karanta ta har ƙarshe, inda aka ga cewa ba ta ɗauki filta da buroshi ba, kuma tana faɗuwa idan aka zuƙi ruwa ko garin gini.

Kuɗinsa ya kusa ninka na injin farko sau biyu, ga kuma kuɗin jaka da ba ya ƙarewa. Ƙanwata ta yi lissafin shekara goma a takarda: a gefe ɗaya inji guda da jakunkuna da filta ta shekara-shekara da kuma, a ƙaddara, tiyo ɗaya da moto ɗaya, a ɗaya gefen injuna biyar irin waɗanda suka saba saye, tunda kowanne shekara biyu yake yi musu. Gefen farko ne ya fi sauƙi, ko da yake ratar ba ta kai yadda na zata ba, saboda jakunkuna suna cin kuɗi a gidan da ke da kyanwa.

Bayan saye

Zaɓin bai zo ba tare da kuskure ba, kuma kuskuren farko nawa ne. Na mai da hankali ga moto da filta har na manta da kan da ke taɓa ƙasa. Wanda ya zo da injin ba shi da buroshi mai juyawa, yana yin tayil da kyau amma yana barin gashin kyanwa a kafet ɗin falo. Sai da aka sayi wani kai daban mai buroshi, kuma an same shi cikin sauƙi ne saboda an riga an tabbatar samfurin yana da kayan haɗi. Shi ma yana da tasa hidimar, domin dogon gashi yana naɗewa a jikin buroshin, sai an sa almakashi an yanke shi duk mako biyu, in ba haka ba ya daina juyawa.

Abin da maigidan ya hango ma ya tabbata. Injin yana da nauyi a matakala, kuma babu mai fito da shi ya warware waya saboda ɗan abin da yaro ya zubar. Tsintsiya da abin kwasa ne suka koma wannan aiki a kan tayil. Sau ɗaya kuma aka sayi jakunkuna masu araha waɗanda ba na samfurin ba, bakinsu bai zauna daidai ba, aka buɗe murfi aka tarar ƙura ta cika ɗakin jakar har ta kai filtar moto. An gano da wuri saboda filtar tana fili, aka canza ta, aka koma wa jakar asali.

Yanzu injin ya shekara biyu da wata biyar, wato ya riga ya wuce inda na farko da na biyu suka tsaya, ko da yake wannan bai kai a kira shi hujjar ƙarko ba tukuna, tunda a lissafin awa uku a mako bai cika awa 400 ba. An liƙa wata 'yar takarda a cikin murfinsa inda ake rubuta ranar canza jaka da filta. Ana canza jaka idan alamar ta sauya launi ko zuƙa ta ragu, ba a jira ta cika taf, ana kuma sharar ɗakin yaron lokacin da yake makaranta, tagogi a buɗe, shi kuwa yana ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya tsara. Da aka sake gyaran bango a ɗakin girki, an rufe injin a kabad, aka kwashe garin da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma. Lalacewa ɗaya aka samu zuwa yau: tiyon ya tsage kusa da mariƙi bayan an taka shi a matakala. Ƙanwata ta duba lambarsa a littafin, ta yi odar sabo, ya iso cikin mako guda, ta cire tsohon ta maƙala shi da kanta.